'Yar Tsanar da Ba a Yi wa Aure Ba

Gidan kallona yana unguwar Zariya a Maraɗi, cikin wani fili da muka gada ni da yayana. Rumfar kwano ce mai bango huɗu, da bencuna a jere, da babbar tele, wato talabijin, a gaba. Mutanen wasu ƙasashe suna da silima mai kujeru masu laushi, mu kuwa wannan ce tamu. Tun zamanin kaset nake cikinta. Aikina ba kunna fim ba ne kawai, wannan ko sakarai zai iya. Ni mai fassara ne. Fim yana tafiya da Faransanci ko Indiyanci, ina gefe riƙe da mikro ina mayar wa mutane da shi Hausa, ina ƙara gishiri inda ya yi lami. Faransancin na tsinto shi a lakwal, makarantar boko, kafin in bar ta. Indiyanci kuwa ko "zo in kashe ka" ban sani ba, amma ba wanda ya taɓa kama ni.

Na ga kasuwar kallo ta sauya riga sau da yawa. An yi yayin faɗan 'yan Sin, lokacin da matasa ke fita suna gwada shuri a bakin ƙofa har a fasa wa wani baki. An yi yayin Indiya, za ka ga ƙato mai dakon buhu yana share hawaye da hularsa yana cewa hayaƙin taba ne. Finafinan Kano suka zo, sannan ƙwallo ta zo ta ture kowa, ita kuwa ba ta buƙatar mai fassara. Duk na jure. Abin da ya karya ni wayar salula ce. Yanzu mutum zai kai katinsa wajen masu turi a kasuwa, a zuba masa finafinai da fassararsu a ciki, ya koma gindin bedi ya toshe kunnuwa yana dariya shi kaɗai kamar sabon kamu. 'Yan kabu-kabu masu haya da babur da suka saba cika mini benci da rana sai su wuce suna ɗago mini hannu. A shekarar da nake ba da labari wuta ma ta yi wuya, mai ya yi tsada, sai in tayar da inji don mutanen da ba su cika benci guda ba.

Yayana yana zaune a Jiratawa. Yana noman rani, albasa da tattasai, yana kuma sayen hatsi ya ajiye. Ba mugu ba ne, ya dai fi ni sanin inda duniya ta dosa. Da farkon damina ya zo, ya tsaya tsakiyar rumfar, ya shafa benci ya dubi yatsansa.

Ya ce, "Ƙane, wanga wuri rabinshi nawa ne ko?"

Na ce, "Naka ne, Yaya."

"To ni ban ga mutane ba, katako nika gani. In anka yi kaka, buhuhuwana na son mangaza, wurin ajiya. Na ba ka har kaka. In wurin ya cika, na bar ma. In bai cika ba, kak ka ce na yi ma ba-zata."

Na ji haushi ƙwarai, kuma abin da ya fi ba ni haushin shi ne gaskiya ya faɗa. Mutumin da furfura ta fara kamawa, wanda bai iya komai ba sai surutu a kan maganar wasu, ina zai nufa in aka zuba gero a inda yake tsayawa?

Cikin wannan damuwa ne rediyo ta dame mu da labarin wani fim da aka yi a kan 'yar tsanar roba, irin wadda ake sayarwa a cikin kwali. Wai a ƙasashen Turawa gidajen silima da suka kusa mutuwa sun farfaɗo saboda shi. Wai mata ne ke layi, uwa da 'ya da kaka, kowa sanye da kaya ruwan hoda. Mai labarin ya faɗi abin da fim ɗin ya tara, ban ma wahalar da kaina wajen riƙewa ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne matan. Duk shekarun da na yi a rumfar nan, babu babbar mace ko ɗaya da ta taɓa sa ƙafa a ciki. Rabin gari ke nan ban taɓa yi wa fassara ba.

Bayan 'yan makonni fim ɗin ya iso wajen masu turi, da Faransanci. Na kalle shi ni kaɗai wata safiya don in shirya bakina. Launinsa har ciwon ido yake sa wa, babu faɗa, ga surutu. 'Yar tsana ce ta bar garinsu ta shigo cikin mutane, tana ta tunanin ita wace ce, daga ƙarshe ta zaɓi abin da take so, shi ke nan aka tashi. Na ce a raina, in dai Turawa sun cika silima a kan wannan, to akwai abin da idona bai gani ba.

Na kai maganar wajen matata. Tana tsince shinkafa ta ce mata za su zo in babu maza. Ta kafa sharuɗɗanta: ranar Alhamis bayan azahar, ita ce a bakin ƙofa, ni kuma a kafa mini tabarma in shiga bayanta da mikro ɗina, kada a gan ni. Ta sa aka wanke wurin, ta turara shi, don ta ce warin taba da na ƙafa ya kama har kwanon rufi. Ita ta baza labarin, a gidan suna da kuma ta saƙon murya a salula. Ni dai abin da na gaya mata guda ne, fim ɗin 'yar tsana ne. Ba ta tambaye ni ƙarshensa ba, ni ma ban ga dalilin faɗa ba.

A nan zamana namiji ya cuce ni. Ni a wajena 'yar tsana abin wasan yara ce, a goya a yar. Na manta abin da take a wajen matan garinmu. Su da suna ƙanana ƙashin ƙafar akuya suke samu, su manna masa danƙo su yi masa kitso, su ɗaura masa tsumma da tsakiya a ƙugu. Kuma duk wannan wahala abu guda take nufa, ranar aurar da ita. Wannan yarinya uwar amarya, waccan uwar ango, a kai lefen ƙyallaye, a dafa abinci a gwangwani, a yi guɗa, a kai amarya gindin rumbu. Ina da gwaggo a Tsibiri, ƙanwar mahaifinmu, tsohuwa ce tukuf. Tana da wata ƙawa da take kira surukarta, ba ta faɗin sunanta, ba ta cin abinci a gabanta. Babu ɗan wannan da ya auri 'yar waccan. 'Yan tsanarsu ne suka yi aure tun suna yara, kunyar kuma ta zauna har yau. Na san duk wannan, amma bai faɗo mini ba. Ashe da aka ce musu fim ɗin 'yar tsana, su goron biki suka ji an kawo musu.

Ranar Alhamis tun kafin a idar da azahar na fara jin adaidaita suna tsayawa. Na leƙa ta ɓular tabarma. Anko suka yi. Ruwan hoda ko'ina, mai haske da mai duhu, wadda ba ta samu atamfa ba ta ɗaura ko da kallabi ne. Ƙafafu sun sha lalle. Wasu da kwanonin fanke, wasu da ƙullin goro. Gwaggo ta zo daga Tsibiri da surukarta da maƙwabtansu, har matar Yaya ta taso daga Jiratawa. Benci ya ƙare, aka shimfiɗa tabarmi a gaba. Na daɗe ban ji ƙarar cikakken ɗaki ba. Wanda bai yi wannan sana'a ba bai san ta ba, muryarka ma daban take fita in akwai jikin mutane da za ta sauka a kai. Na tayar da fim ɗin.

Ba a yi nisa ba na ji muryar Gwaggo daga layin gaba.

"Wagga ɗiya ina uwatta? Wa ad da ita?"

Na ce ta mikro, "Gwaggo, ba ta da uwa, ita ke riƙe da kanta."

"Ɗiyat tsana ba uwa? To wa za ya amshi gaisuwa?"

Aka yi dariya, ni ma na yi, ban gane inda tambayar ta dosa ba. Da aka nuna gidan 'yar tsanar sai suka shiga duba kayan ɗaki. Wata ta yaba gadon, wata ta ce madubin ya yi girma, wata ta ce ba ta ga tukunya ko guda ba, wace irin uwa ce ta yi wannan jere. Can wani namijin 'yar tsana ya fito yana bin ta a baya, rumfar ta ɗauka gaba ɗaya, "Ga angon! Ga angon!" Wata ta tambaya mece ce sana'arsa. Na ce gaskiya ban ga yana wata sana'a ba, bin ta kawai yake. Daga can baya wata murya ta ce, "Ku bar shi, namu ma hakanan suke." Sai da na tsayar da fim ɗin kafin dariyar ta lafa.

Ranar na yi fassarar da ban taɓa yi ba. Na ba 'yar tsanar bakin 'yan matan Zariya, na ba namijin bakin ɗan kabu-kabu mai neman rangwame. Inda Faransancin ya fi ƙarfina na cike da nawa. Akwai inda aka nuna tsofaffin 'yan tsana da aka gaji da su aka yasar, a nan ɗakin ya yi tsit. Wata a kusa da tabarmata ta ce wa ta gefenta, a hankali, ita tata ranar da aka haifi ƙanenta ta rabu da ita, don an ɗora mata goyo na gaske. Na bar wurin ya wuce ban sa baki ba.

Da aka kira la'asar na tsayar don a yi salla. Ina jin su suna gardama, wasu na cewa iyayen namijin ne za su kawo cikas, wasu na cewa ai dole sai an ja rai. Matata ta zo bakin tabarma ta rage murya.

"Malam, auren can gaba yake ko? Gwaggo na tambaya, don a san lokacin raba goro."

Na ce, "Wane aure?"

"Na ɗiyat tsana mana."

"Babu aure a ciki."

Ta ce, "Babu kamar yaya? Mi ya sa ba ka hwaɗi ba?"

"Ba ki tambaye ni ba."

"Ana tambayar wannan? In ba aure ba, mi ake yi da ɗiyat tsana?"

Na zauna na tayar da sauran fim ɗin. Gishirina ya ƙare, fassara kawai nake, ina jin yadda duk lokacin da namijin ya matso kusa da ita ake gyara zama, wata har ta fara gwada guɗa. Fim ya ƙare, rubutu ya fara hawa. Ba wadda ta motsa. Sun saba da finafinan Kano masu na ɗaya da na biyu, jira suke.

Gwaggo ta ce, "Ɗan nan, sa muna na biyun, rana na tahiya."

Na ce, "Gwaggo, babu na biyu. Iyakarshi ke nan."

Wurin ya kaure. Wata ta ce ɓoye shi na yi don su dawo wani mako. Wata ta ce ita har mijinta ta yi wa alkawarin labarin biki. Wata ta ce a duba cikin na'urar da kyau. Ya zo mini in ce su dawo Alhamis mai zuwa, in nemo wani auren Indiya in liƙa, in ce su ne suka sauya kaya. Da ina da ƙuruciya da na yi. Amma na gaji, kuma gwaggona ce a gaba. Na rantse musu da Allah haka Turawan suka yi shi.

Gwaggo ta ce, "Sun tara duniya kakaf, sun kasa yi ma ɗiya guda aure? Tir. Kashe abin nan."

Na kashe. Ina leƙe ta ɓular tabarma sai na ga surukar Gwaggo tana kwance haɓar zanenta. Ta fito da ƙashi, ya yi baƙi don tsufa, da 'yar tsakiya a ƙugunsa. Tata ce ta yarinta, ta zo da ita don ta ga bikin 'yar'uwarta ta Turai. Wata mata kuma ta karɓi ta roba daga hannun 'yarta ta ɗaga, ta ce ga ango, a yi haƙuri da gashinsa. Nan take rumfar ta rabu biyu, dangin amarya da dangin ango. Aka kife kwanon fanke ana kiɗa. Aka yi cinikin sadaki da goro, dangin amarya suna cewa 'yarsu 'yar asali ce, dangin ango suna cewa ai ta girmi kakan angon. Matar Yaya, wadda ban taɓa jin ta ɗaga murya ba, ita ce ta rangaɗa guɗar da ta sa kwanon rufi amsawa. Gwaggo ta tashi da sandarta ta taka rawa.

Ni kuwa an manta da ni. Ƙofa tana ɓangarensu, ba halin fita, na zauna bayan tabarma har rana ta yi ja. Na yi murna, ba zan ɓoye ba, don na san labarin zai kwana a Jiratawa. Amma raina ya sosu. Ba a taɓa yin dariya irin wannan a rumfata ba, kuma babu kalmata ko ɗaya a cikinta.

Alhamis ta gaba na nemo fim ɗin Indiya mai aure har ya yi yawa. Sun zo, ba laifi, amma hira suke yi. Wata ta aiko matata ta ce in rage muryata, ba sa jin junansu. Alhamis ɗin da ta biyo baya sai aka ce in bar hoton yana tafiya kawai, ba sai na wahala ba. Ana nan wata ta ce gidansu ya yi ƙunci ga ruwan sama, ko za a ba ta wurin ta yi taron suna. Daga ita sai 'yan adashe, daga su sai masu wunin biki. Labari ya kai Tsibiri cewa akwai rumfa a Zariya mai benci da inji, wadda maza ba sa shiga. Matata ce ke riƙe da ranakun a kanta, ni nawa shara da tayar da inji. Masu kallon ƙwallon da suka rage mini suka ce wurin ya koma ƙanshin turaren mata, suka koma wajen mai shayin da ya kafa tele a bakin titi. In kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, haka ake cewa, sai dai ba a faɗin yadda gwiwar tsoho ke ji.

Har yanzu rediyo kan kawo labarin wane fim ne ya ci kasuwa, wane ne ya faɗi. An ce bayan wancan na 'yar tsana, masu yin finafinai sun bi sauran kayan wasan yara suna neman wanda zai sake tara musu jama'a. Ina jin su, ina musu fatan alheri. Ni na gwada, na kuma tara.

Bayan an yanke gero aka kama wurin don wunin wata amarya, ta gaske wannan karon. Da hantsi matata ta shigo da masu ado, suka tsaya suna duban gaban rumfar.

Ta ce, "Malam, telen ga hwa nan kujerar amarya za ta zauna. A ɗan ɗauke ta."

Na ce sai a rufe ta da zane. Ta ce an gwada a bikin da ya wuce, ta ɓata hoto. Na kwance wayoyin, na sauke ta, na kai ta cikin gida na jingine a bayan ƙofa. Da na dawo na tarar da zabiyar da za ta yi waƙa tana jujjuya mikro ɗina tana neman inda ake kunnawa. Na nuna mata, na kuma gaya mata kada ta kai shi kusa da lasifika, yana kuka. Ta yi godiya. Sannan matata ta ce, "To Malam, ɗan ba mu wuri, mata za su shigo."

Na ja benci guda na fita da shi inuwar bango na zauna. Ina nan Yaya ya iso a kan babur ɗinsa, da igiyar awo a aljihu, ya zo duba inda buhuna za su hau. Sai da ya sha wahala kafin ya sami wurin ajiye babur ɗin saboda adaidaita. Ya tsaya yana kallon matan da ke shiga, wasu ma a waje suka tsaya don babu wuri. Ya zo ya zauna kusa da ni. Muka gaisa, na tambaye shi amfanin gona, ya ce an gode Allah. Daga ciki zabiya ta fara, muryarta tana fita tas, aka amsa mata da guɗa.

Yaya ya mayar da igiyar cikin aljihu, ya dafa gwiwata yana murmushi.

Ya ce, "Ƙane, na janye maganata. Wuri ya cika, naka ne. Ka ga sai yanzu ka samu sana'a."

Na ce, "Na gode, Yaya."